Hirar Motoci: Espace ɗin Da Ta Rage Sai Suna

Sani: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da war haka. Ina tare da Hajiya Rabi da Oga Bala bakanike, kuma yau Faransa muka nufa, wajen Renault Espace.

Bala: Motar da ta sha ƙi kafin a so ta ke nan. Kamfanin Matra ne ya tsara ta, ya fara kai wa Peugeot, suka ce ba sa so. Renault ne ya karɓa, ta fito a 1984. A watan farko guda 9 kacal aka sayar.

Rabi: Tara? Haba Oga Bala, ko mai sayar da kekuna ai ya fi haka ciniki.

Bala: Wallahi, Hajiya. Mutane ba su gane mata ba, ita ba bas ba, ba kuma ƙaramar mota ba. Sai da magidanta suka leƙa ciki. Kujerun baya kowace zaman kanta take, ka ciro ta ka ajiye a gida ka loda kaya. A wasu samfuran har na gaba ma juyawa suke, a zauna ana kallon juna kamar a falo.

Sani: Bodin ma na ji ba ƙarfe ba ne.

Bala: Faiba ce aka ɗora kan ƙashin ƙarfe. Ba ta tsatsa, amma in ta fashe kada ka kai wa mai bugun kwano, sai mai liƙi. Haka aka yi ta 1991 da ta 1996, duk Matra ke ƙerawa a garin Romorantin. A 2002 Renault ya mayar da aikin masana'antarsa, a 2003 Matra ya daina ƙera motoci.

Rabi: To ni ga inda raina ke ɓaci. Ta 2015 da na gani, an ɗaga ta sama, an sa mata manyan tayoyi, rufin ya yi ƙasa ta baya. Kyau kam akwai, amma kujerun nan da kake yabo ba sa ciruwa, sai dai su kwanta.

Sani: Kasuwa ce ta ja su, Hajiya. Turawa sun koma son mota mai kamar jif. Peugeot 5008 ma haka ta rikiɗe a 2017.

Rabi: Mai 'ya'ya biyar ina ruwansa da kamar jif? Shi wuri yake nema. Ka je tasha a Kano ka ga yadda ake ɗura wa Sienna fasinja da buhuna.

Bala: Ai ta 2023 ce za ta ƙarasa ki. Austral ce kawai, wata motar Renault mai kamar jif, aka ƙara wa tsawo, ana haɗa ta a Sifen, injinta na haɗa fetur da lantarki. Kujera bakwai tana nan, amma biyun ƙarshe sai yara.

Rabi: Ka ga ni ko? Sunan suka riƙe, motar ta tafi.

Sani: Oga Bala, a ce an jera maka su shida, wacce za ka ɗauka?

Bala: Ta 1996. Sai dai ka fara samo mini inda ake sayar da kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa.