Jawabin Maraba ga Mai Girma Hakimi a Ranar Godiyar Kaka

Mai girma Hakimi, uban ƙasa, ranka ya daɗe. Mai girma Dagaci da masu unguwanni, Malam Liman da 'yan rakiyarsa, Arɗo, Sarkin Noma, Baba Rabaran da Mama, dattawan ikilisiya, iyayenmu na Zumuntar Mata, matasa da yara: salamar Allah ta kasance tare da ku duka.

Dattawa ne suka zauna suka tsara wannan jawabi, suka ɗora mini nauyin karanta shi a madadin kowa. Farkon abin da suka ce in faɗa shi ne barka da zuwa, sannu da hanya, sannu da ƙura. Mun san kaka lokaci ne da ƙofar fada ba ta rabuwa da jama'a: wannan ya kawo ƙarar iyakar gona, wancan bashin taki, wani kuma ɓarnar dabbobi. Ka bar duk wannan ka tako har cikin majami'armu ka zauna tare da mu. Da ka aiko wakili ma da mun gode, amma zumunci a ƙafa yake, ga shi kuwa mun gani da idonmu.

Ranka ya daɗe, mu 'ya'yan ƙasar nan ne. A nan aka binne cibiyar kakanninmu, gonakin da muke nomawa na gado ne, da Hausa muke sujada, da ita muke waƙa, da ita muke kuka in an yi mana rasuwa. Bisharar da muke riƙe da ita daga Wusasa ta iso mana. Likita Mila, Baturen mishan, ya zauna a birnin Zariya tun 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, yana magani yana koyar da yara. A 1929 aikin ya tashi daga cikin birni ya koma Wusasa, inda aka gina majami'ar nan ta ƙasa, ginin magina Hausawa, wadda har yau tana nan tsaye, aka kuma kafa asibiti da makaranta. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Wannan ƙaramin wuri shi ya fitar da Dokta Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Janar Yakubu Gowon da ya shugabanci ƙasar nan daga 1966 zuwa 1975, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello. Mu kam ba mu fitar da shugaban ƙasa ba, amma malaman bishara da suka taka da ƙafa suka zo nan sun bar mana karatu da tsoron Allah. Filin da muke zaune a kai yanzu kuwa, magabatan mai girma Dagaci ne suka auna suka ba iyayenmu, ba su karɓi ko anini ba. Muna faɗa wa 'ya'yanmu wannan don kada su manta.

Shekarar ikilisiya a garin nan tana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da shekarar manomi. Idan hadari ya fara haɗuwa a gabas, akwai Lahadin da kowane magidanci ke zuwa sujada da ɗan irinsa a ƙulle, masara ko dawa ko waken suya, a ɗora a gaba a yi addu'a kafin a kai gona. In ruwa ya ɗauke bayan shuka, mukan taru da asuba mu yi roƙo, sau da yawa a makon da Malam Liman ya fita da jama'arsa bayan gari. Ba mu taɓa zama muka raba ruwan da ya sauka ba, kan gonar kowa yake zuba. Da an shiga noman farko sai gayya: ranar Asabar matasa su fita da garemani da fartanya zuwa gonar ikilisiya, daga can su wuce gonakin gwauraye da tsofaffin da ba su da mai yi musu. Mata su biyo su da kunu da ɗanwake. Samarin unguwar masallaci ba sa jiran a kira su, in sun ji kiɗan gayya sai ka gan su da kayan aikinsu.

Sai marka, watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon abinci bai nuna ba, zazzaɓin sauro ya kwantar da yara. A wannan wata ne ake gane amfanin taron da muke yi yau, shi ya sa nake roƙon ka ɗan duba gaban majami'a da kyau.

Duk abin da ka gani a jere, daga gonakin mutanen nan ya fito. Ga buhunan masara da shinkafa, ga dammunan dawar da aka fara yanka, ga rake an jingina shi da bango, ga mazarƙwaila cikin kwanduna, busasshen barkono, kabewa, kaji ɗaure da ƙafa, har da ɗan akuyar can da ya hana mawaƙa sakat tun safe. Gida gida aka kira, kowane gida ya taso da rawa, mai gida a gaba, mata da yara a baya, 'yan Zumuntar Mata cikin ankonsu suna buga tulu da caki. Ka ga tsohuwar da ta zo da ƙwarya guda ta gyaɗa, tana dogara sanda. Ba ta da gona sai ɗan fegin bayan ɗaki, amma ba ta taɓa yarda a kira sunan gidanta a ji shiru ba. A idon dattawa ƙwaryar nan daidai take da buhun mai buhu, kuma haka aka rubuta ta a littafin baiko.

Bayan sujada za a yi gwanjon wani kashi, kuɗin ya tafi gyaran rufi da hidimar Rabaran. Hatsin kuwa rumbun ikilisiya zai shiga, a rufe, ba za a taɓa shi ba sai marka. Littafin Firistoci ya umarci manomi kada ya girbe gonarsa har gefe, kada kuma ya koma yin kala, ya bar wa matalauci da baƙo. A kan wannan umarni aka gina rumbun. Ranar da aka buɗe shi, dattawa biyu da mata biyu ne ke aunawa da tiya, kuma tambayar da ake yi ita ce bakin mutum nawa ne a gidan. Ba a tambayar inda mai gidan yake sallah ko sujada. Mai unguwa shaida ne, don shi ke kawo mana sunayen wasu gidajen da kunya ta hana su zuwa, a kai musu da dare.

Da an gama sussuka sai gari ya cika. Yaranmu da ke Kaduna da Abuja da Legas, masu acaba da leburori da ma'aikata da ɗalibai, duk su dawo Kirsimeti. Lokacin aure ke nan, kusan kowace Asabar da ɗaurin aure. Tun zamanin iyayenmu, mahaucin garin nan Musulmi ne ke yanka mana saniyar watanda, don kowa ya ci hankali kwance. Ranar 25 ga Disamba kafin azahar za ka ga yara sun yi layi da kwanukan shinkafa da miya a ka, ana aikensu gidajen maƙwabta, kwanon kuma ba ya dawowa wayam. Haka namu gidajen ke cika da naman layya in Babbar Sallah ta zo. Washegarin Kirsimeti mawaƙa da 'yan Birged, ƙungiyar yaran ikilisiya, su yi maci da ganguna zuwa ƙofar Dagaci a yi gaisuwa. Kwana ɗaya bayan nan 'yan gari na nesa da na kusa, Musulmi da Kirista, su zauna a filin firamare a yi maganar rijiya da hanya da kuɗin jarrabawar marayu.

Abu guda ya canza, kuma yana yi mana ciwo. A da, daren shiga sabuwar shekara a majami'a muke kwana, ana waƙa ana addu'a har gari ya waye. Tun da tsaro ya taɓarɓare a ƙasar nan, sujadar ta koma yamma, kafin isha kowa ya shige gida. Muna yi wa matasan unguwar masallaci godiya a gabanka, domin su ke tsayawa a bakin hanya da tocila da sanduna har mu tashi, kamar yadda namu ke tsayawa a gefen filin Idi. Babu wanda ya ba su umarni, babu mai biyansu.

Azuminmu na kwana 40 da bazara yake zuwa, ba a aure a cikinsa. Ya ƙare da Jumma'a Mai Kyau da Ista, ranar Litinin kuma yara su hau dutsen bayan gari, abin da muke kira zuwa Galili. Kafin su sauko an fara sharar gona.

Ranka ya daɗe, ɗa ba ya ganin ubansa ya ɓoye damuwarsa. Babbar damuwarmu burtali ne. Hanyar shanun da ta bi ta gabashin gari zuwa mashaya ta tsuke, kuma gaskiya ita ce manoma ne suka cinye ta kaɗan kaɗan, cikinsu har da 'yan ikilisiyar nan. Yanzu garke ba ya iya wucewa sai ya taɓa amfanin wani. Ga dawa tana tsaye ba a gama yanka ba, ga wake a ƙasa, ga shanu sun fara gangarowa. Arɗo maƙwabcinmu ne, matan rugarsa ke kawo mana nono, yaransa da namu aji ɗaya suke. Ba ma so wata rana saniya ɗaya da kunya biyu na dawa su ɓata abin da aka gina tun kakanni. Roƙonmu shi ne ka sa rana cikin makon nan, ka tara Dagaci da Arɗo da Sarkin Noma da Malam Liman da dattawanmu, a bi burtalin da ƙafa, a kafa alama, a kuma tsayar da ranar da za a saki dabbobi cikin gonaki, a yi shela a masallaci da majami'a da kasuwa. Dattawa sun ce in faɗa a gaban kowa: duk ɗan ikilisiyar da aka samu gonarsa ta shiga burtali zai janye, mu za mu fara yi masa magana kafin fada ta kira shi.

Na biyu shi ne rafin da ka ƙetare ɗazu. Yau ka wuce shi a mota ba tare da taya ta jiƙe ba, amma da marka yakan raba mu da asibiti kwana da kwanaki, mace mai naƙuda sai a ɗauke ta a kan gadon kara. Matasa sun tara duwatsu da yashi, sun kuma yi alkawarin aikin ƙarfi. Siminti da rodi ne suka fi ƙarfinmu. Muna roƙo ka kai kukanmu ƙaramar hukuma, don muryarka tana isa inda tamu ba ta kaiwa.

Manzo Bulus ya umarce mu mu riƙa yin addu'a domin sarakuna da dukan masu mulki, don mu zauna lafiya. Kowace Lahadi a wurin nan ana ambaton Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ana ambatonka, ana ambaton Dagaci. Muna roƙo ka isar da gaisuwarmu da biyayyarmu ga Mai Martaba.

Yanzu Mama shugabar Zumuntar Mata za ta taso da 'yar tsarabarmu: damin dawa daga gonar ikilisiya, kwandon mazarƙwaila da rago ɗaya. A yi haƙuri da ƙanƙantarta. Daga nan muna roƙon ka buɗe mana gwanjo, ka taya buhun farko da bakinka. An shimfiɗa tabarmi an ajiye butoci a ajin farko na firamare domin sallar azahar, abinci kuma yana jira a gidan Baba Rabaran.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka lafiya da haƙurin jama'a, ya mai da kai gida lafiya tare da 'yan rakiyarka. Amin.

Sakataren ikilisiya, a madadin Rabaran, dattawa da dukan jama'a.