Amsoshin Tambayoyinku: Ƙafar Motar da Ta Ƙi Jin Gyara

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Yau wasiƙun masu motoci ne suka cika mana tebur, shi ya sa muka ɗauko Baba daga garejinsa, mutumin da furfura ta same shi a ƙarƙashin mota. Baba, sannu da zuwa.

Baba: Yawwa ɗana, sannunmu dai.

Mai gabatarwa: Wani ɗalibi daga Zariya yana tambaya, ta yaya zai gane shokozoba, wato abin nan da ke rage jijjigar mota a gargada, ta mutu?

Baba: Ya danna kusurwar motar da ƙarfi ya saki. In ta taso ta tsaya, lafiya lau. In ta ci gaba da lilo, ko ya ga mai na tsatsafowa a jikin shokozobar, to ta gama aiki.

Mai gabatarwa: Ka ji, ɗan makaranta. Sai wata Hajiya daga Maraɗi, ta ce tayoyinta na gaba suna cinyewa ta gefe ɗaya. Hajiya, a duba miki tayarod da bushin, sannan a yi alaimen, wato a daidaita tsayuwar tayoyin, kada ki sake sayen taya kafin nan.

To, ga wadda za mu zauna a kanta, don ba mutum ɗaya ne ya aiko da irinta ba. Wani ɗan kasuwa ne daga Kano. Ya ce sabuwar mota ya saya a hannun dillalin kamfani, amma sau uku ke nan ana canza masa ƙarfe ɗaya a ƙafar baya, kuma ƙarar tana dawowa. Ya rubuta wa kamfanin, suka ce laifin hanya ne da yadda yake tuƙi. Yanzu garanti ya kusa ƙarewa. Yana tambaya, da gaske laifin hanya ne, kuma ina zai kai kukansa? Baba, bismillah.

Baba: Ai ɗana, mu da muka tashi da Fijo 504 ba mu san wannan kukan ba. Tun 1975 ake haɗa Fijo a Kaduna. Mota ce da za a cika ta da buhuna da fasinja, ta ratsa gargada har ƙauye ta dawo. Na yau kuwa an yi su don titi mai santsi. Ga kuma mutanenmu da lodi, motar mutum biyar a ɗura mata takwas. Ga jabun kaya a kasuwa, kwali mai kyau, ƙarfen ciki kamar gwangwani. Akwai wani yarona ma da na aika sayen bushin...

Mai gabatarwa: Baba, Allah ya ƙara girma, bari in tare ka kafin mu isa ƙauyen. Shi wannan bawan Allah a garejin kamfani ake sa masa kayan, ba a kasuwa yake saye ba.

Baba: Au, to in haka ne magana ta canza. Rami ba ya zaɓen wuri, yau taya, gobe shokozoba, jibi bol join. Amma ƙarfe ɗaya, wuri ɗaya, har sau uku? A nan sai a tuhumi ƙirar, ko kuma yadda ake ɗaurawa.

Mai gabatarwa: Madalla. Kuma Alhaji, amsar da aka ba ka ba a kanka aka fara ba. A watan Oktoba na 2020 kamfanin Tesla ya yi wa motocinsa samfurin Model S da Model X kusan 30,000 kiranye a ƙasar Sin, wato ya nemi a dawo da su a gyara, saboda matsalar ƙafa, amma ya shaida wa hukumar kiyaye lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, cewa shi a ganinsa mugun tuƙi ne sila. Ford ma a 2019 ya kira motocin Explorer kusan miliyan 1.2 saboda wani ƙarfen ƙafar baya da ke karyewa, ya sake wani kiran a 2020, ya ƙara a 2021.

Wadda ta fi shafar mu ita ce RAV4, don ta cika titunanmu. A 2012 Toyota ya kira kusan 760,000 a Amurka, ƙirar 2006 zuwa farkon 2011. Abin da ke faruwa shi ne, in an yi alaimen ba a matse notocin ƙarfen ƙafar baya yadda ya kamata ba, sai wurin ya riƙa motsi, tsatsa ta shiga, wata rana ƙarfen ya rabu ana cikin tafiya. Gyaran farko bai riƙe ba, aka sake kira a 2013. A 2016 aka yi na uku, motoci kusan 337,000, wannan karon aka canza ƙarfen ɗungurungum. Kun ga ashe kamfani ma yakan yi gyara ya kasa.

Ni ra'ayina, kuma nawa ne ni kaɗai, kamfanin da ya san irin hanyoyinmu ya kawo mota ya karɓi kuɗi, bai kamata ya juyo ya fake da hanyar ba. Amma mu ma muna da sakaci, gaskiya ɗaya ce. Mu yi ta faɗa da baki a gareji, ko rasit ba ma karɓa. Alhaji, duk gyaran da aka yi ka karɓi takarda mai kwanan wata da yawan kilomita. Ka ɗauki hoton ƙarfen da aka cire. Ka rubuta ƙorafi tun garanti bai ƙare ba, ka nemi amsa a rubuce. Ka nemo masu irin motarka ku sa hannu tare, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In an yi kunnen uwar shegu da ku, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC.

Bari in maimaita don wanda ya kunna rediyonsa yanzu: rasit, hoto, ƙorafi a rubuce, kuma kafin garanti ya ƙare. Kafin ya ƙare, ba bayan ya ƙare ba.

Masu 'yan Kwatano kuma, in motarku daga Amurka ta fito, ku duba lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ne, a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Ku sa ta a shafin intanet na NHTSA, zai nuna muku ko akwai kiranyen da ba a yi gyaransa ba. Gyaran kyauta dokar can ce, a can take aiki, amma aƙalla bakanikenku zai san inda zai sa ido.

Baba: In ƙara ɗaya, ɗana. Duk wanda ƙafar motarsa ke ƙwanƙwasa, ya ajiye ta, kada ya ce sai kamfani ya amsa wasiƙa. Na sha ganin bol join ya fita, taya ta kwanta a tsakiyar titi. Kuma in ana alaimen mai mota ya tsaya a wurin, ya ga an matse noti da idonsa, ba ya tafi shan shayi ba.

Mai gabatarwa: Masu shan shayi kun ji Baba. Malama daga Damagaram mai tambaya a kan sitiyarin da ke karkarwa, ki yi mana haƙuri, ga injiniyan ɗakinmu yana ta ɗaga mini hannu. Da wasiƙarki za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Baba, mun gode. Jama'a, a huta lafiya.