Fodkas: Yaro na warkewa daga ciwon daji, amma sai gida ya tsaya masa

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ciwon daji a jikin yara za mu tattauna, tare da Likita da kuma Sista mai jinya a ɗakin yara. Likita, mutane da yawa da sun ji an ce "daji" sai su fara haƙura da yaron. Ana warkewa kuwa?

Likita: Ana warkewa, Malam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara kusan 400,000 ke kamuwa a kowace shekara. A ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 suna rayuwa, a ƙasashe da dama masu ƙaramin ƙarfi kuwa ba su kai 30 ba. Shi ya sa a 2018 hukumar ta sa burin a kai kashi 60 kafin 2030. Wannan tazara ba daga cutar kaɗai take ba. Zuwa asibiti a makare, da yanke magani a tsakiya, su ne ke cinye mana yara.

Mai gabatarwa: To me uwa za ta gani ta san ba na wasa ba ne?

Likita: Ɗauki wanda ake kira Burkitt, sunan likitan da ya bayyana shi a Yuganda a 1958. Yana da alaƙa da yawan zazzaɓin cizon sauro, don haka muna da shi a nan. Muƙamuƙi ne ke kumbura, haƙora su yi ta girgiɗi, ko ciki ya tashi. A kwana ɗaya zuwa biyu ƙwayoyinsa na iya ninkawa. Sai a ɗauka hangum ne ko ciwon haƙori, a cire haƙorin, ko a kai wa wanzami ya yi sakiya. Mako uku sun tafi ke nan. Abin takaicin, yana cikin waɗanda suka fi jin magani.

Sista: Akwai kuma farin abu da ke ƙyalli a tsakiyar idon ƙaramin yaro, wani lokaci a hoton waya ake fara ganinsa. Wannan a nufi asibitin ido kai tsaye, kada a tsaya ɗiga magani. Sai ƙullutu a ciki da uwa ke ji lokacin wanka, wanda kan zama na ƙoda. Sai yaron da ake ta yi wa maganin maleriya zazzaɓi ya ƙi sauka, ya ɗashe, dasashi na jini, ƙasusuwa na ciwo.

Mai gabatarwa: Sista, ga maganar da ake yi a gari, wai daji ba ya son allura.

Sista: Wallahi maganar nan ta jawo asarar rayuka. Maganin ma ai ta jijiya ake ba da mafi yawansa. Addu'a a yi ta, babu mai hanawa. Amma jiƙe-jiƙe a sanar da likita, domin hanta da ƙoda suna fama da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, kada a ƙara musu kaya.

Likita: Inda aka fi tuntuɓe shi ne bayan zagayen kemo na farko ko na biyu. Kumburin Burkitt kan saɓe cikin 'yan kwanaki, yaro ya tashi yana wasa, uba ya ce alhamdu lillahi, mu koma gida. Alhali abin da ido ke gani ne ya tafi, saura na nan cikin jiki. Idan ya dawo, ya fi wuyar magani nesa ba kusa ba. Maganin Burkitt watanni ne. Dajin jini da ya fi yawa a yara kuwa shekara 2 zuwa 3 ake yi. Ni a wurina jarumtar gida ita ce a dawo ranar da aka rubuta, ko da yaron ya yi garau.

Mai gabatarwa: A tsakanin zagaye fa, yaro na gida, me ya fi hatsari?

Sista: Zazzaɓi. Daga kwana 7 zuwa 14 bayan kemo, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta suna sauka ƙasa sosai. A sayi ma'aunin zafin jiki. Da ya nuna 38, ko ƙarfe biyun dare ne, a kama hanya, a faɗa tun daga ƙofa cewa yaron na kan kemo, don so ake a fara masa allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya. Kada a ba shi farasitamol a kwanta, zafin zai ɓoye, cutar na cin jini. Asfirin kuwa sam, yana jawo zubar jini. A raba shi da mai ƙyanda ko ƙarambau, kuma ya kwana cikin gidan sauro.

Likita: Baki kan yi gyambo. Rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan da aka tafasa ya huce, a kurkure bayan kowane cin abinci. Abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa: kunun gyaɗa, dafaffen ƙwai, faten wake. Nonon da ba a tafasa ba da ɗanyen ganye a dakata. Gashi zai zube, zai kuma fito. Maganin prednisolone na kumbura fuska da sa ci da fushi, ba rashin kunya yaron ya koya ba.

Mai gabatarwa: Dangi fa? Don sau da yawa uwa ake bari ita kaɗai.

Sista: Nan ne zuciyata ke ƙuna, Malam. Uwa ta yi wata a kan tabarma a gefen gado, sannan a ce daga danginta aka kwaso. Ciwon nan ba laifin kowa ba ne, kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare. A raba aiki tun ranar farko. Mutum guda ya riƙe littafin ranakun asibiti da sakamakon gwaji. Gwaggo ko inna ta riƙa karɓar uwar. Baffanni da kawunnai su je a gwada jininsu tun kafin a buƙata, domin neman jini da tsakar dare na jinkirta magani. Kuɗin mota ma a tanada daban, don wanda ke zuwa asibitin Shika a Zariya ko Asibitin Malam Aminu Kano daga ƙauye, sau da yawa kuɗin hanya ne ke kayar da shi. A tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin, ba abin kunya ba ne.

Likita: Shi kansa yaron kada a yi masa ƙarya. Idan allura za ta yi zafi, a ce za ta yi zafi kaɗan, ga hannuna ka riƙe. A bar shi ya zaɓi hannun da za a sa. Yaron da aka yaudara sau ɗaya ba ya sake yarda, kuma kuka ba ragwanci ba ne. 'Yan'uwansa ma a yi musu bayani daidai hankalinsu.

Mai gabatarwa: Idan an gama magani?

Likita: A ci gaba da zuwa dubawa shekaru, ya koma makaranta, a tambayi lokacin sake rigakafi. A karɓi takarda mai sunayen magungunan da aka ba shi da adadinsu, a adana. Wasu kamar doxorubicin kan taɓa zuciya bayan shekaru, kuma likitan da zai gan shi yana ɗan shekara ashirin da wannan takardar zai yi aiki.