Ofishin Ba Ɗalibai Shawara: Allo a Ƙofa, Ba Kowa a Ciki

Masu sauraro, duk ranar 10 ga watan Oktoba jami'o'i kan rataya ƙyallaye, a tara jama'a, a yi jawabai a kan lafiyar ƙwaƙwalwa, a ɗauki hoto, a watse. Shi kuwa ɗalibin da barci ya ƙaurace wa idonsa, karatu ya ƙi shiga, in ya yi ƙarfin hali ya nufi ofishin ba da shawara, sai ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ko a ce masa ya dawo bayan jarrabawa. Bayan jarrabawa fa! Alhali jarrabawar ce ke neman zauta shi.

Lamarin ba na wasa ba ne. Wani bincike da aka yi a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, aka wallafa a 2018, ya tambayi 'yan ajin farko kusan dubu 14 a ƙasashe 8. Kashi 35 cikin ɗari sun nuna alamun sun taɓa fama da larura irin ta tsananin damuwa, ko fargaba, ko shaye-shaye. Likitoci sun daɗe da sanin cewa kusan kashi uku cikin huɗu na irin waɗannan larurori kan bayyana ne kafin mutum ya cika shekara 25, wato daidai shekarun jami'a. Kashe kai kuma yana sahun gaba cikin abubuwan da ke ɗauke matasa 'yan shekara 15 zuwa 29.

Na san wasu za su ce yaran yanzu ba su da juriya, mu ma mun sha wahalar karatu ba mu mutu ba. Ai wanda ya tsira ne ke ba da labari. Waɗanda suka ajiye karatu a aji biyu aka ce sun lalace, wa ya ƙirga su?

Abin da ɗalibi ke nema mutum ne. Mutumin da ya koyi aikin, yake da lokacin zama ya saurara, ya kuma iya riƙe sirri. Ƙungiyar IACS ta Amurka, mai tantance irin waɗannan cibiyoyi, ta ce kowane ɗalibi 1,000 zuwa 1,500 a ba su ƙwararre guda. Ke nan jami'a mai ɗalibai dubu 30 tana buƙatar aƙalla mutum 20. Ku je ku ƙirga ku gani.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne dabarar da ake yi ta cike gurbi. A ɗauko malamin da ke koyarwa, yake duba takardun jarrabawa, a ɗora masa wannan aiki a matsayin ƙari. Don Allah, wane ɗalibi ne zai zauna gaban mai ba shi maki ya ce ya fara shan ƙwaya? Wace ɗaliba ce za ta faɗa masa cewa abokin aikinsa ne ke matsa mata? Da zarar labarin ɗalibi ɗaya ya fita daga wannan ɗaki ya kai kunnen shugaban sashe, shi ke nan, babu mai sake taka ƙofar. Ƙwararre ya san iyakar sirri, ba ya buɗe shi sai rai na cikin haɗari. Ya kuma san lokacin da magana kaɗai ba za ta isa ba, sai an haɗa ɗalibi da likitan ƙwaƙwalwa. Wannan ilimi ne, ba kirki kawai ba.

Yanzu ana ta tallan manhajojin waya. Wataƙila suna rage wa wasu zafi, ba na musu. Amma ina shakkar manhaja za ta lura cewa yaro ya daina cin abinci, ta tashi tsakar dare ta raka shi asibiti. Wannan ma mutum yake so.

Kuɗi fa? Gaskiya ne, gwamnatocin duniya a matsakaici kashi 2 cikin ɗari kacal na kasafin lafiya suke ware wa ƙwaƙwalwa. Sai dai jami'ar da ba ta rasa kuɗin bikin yaye ɗalibai da sabuwar ƙofar shiga ba, kada ta ce mana albashin mutum 20 ne ya gagare ta.

Hukumomin da ke tantance jami'o'i suna ƙirga littattafai da ɗakunan gwaje-gwaje kafin su amince da kwas. To, su ƙara tambayoyi a takardar: ƙwararru nawa ne a ofishin, kwana nawa ɗalibi ke jira kafin a gan shi, kuma wa ke iya buɗe fayil ɗinsa. Jami'ar da ta kasa amsawa, a dakatar da ita daga ɗaukar sababbin ɗalibai.