Bagaruwa da fatar da ta ƙone

(Lacca ce da aka gabatar a Yamai, aka rubuto ta daga faifai)

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Madalla. A janye yaran can daga gindin tukunyar shayi, kada mu zo laccar ƙuna mu koma da ƙuna. (dariya)

Tsirrai huɗu da ake sa wa ƙuna na rubuto: alobera, gwanda, abarba, bagaruwa. Alobera kun san ta, ruwan ganyenta mai yauƙi, an gwada shi a ƙaramar ƙuna ta sama-sama kuma yana taimakawa. Mu wuce. Ni bagaruwa ce ta kawo ni.

Wa ya taɓa leƙa majema a Gamkale, bakin kogi? Su daka ƴaƴan bagaruwa, su jiƙa, su tsoma fata. Fatar da ba ta kwana biyu ba ta yi ɗoyi ba, sai ta ɗaure ta ƙi ruɓa. Abin da ke wannan aiki sunansa tanin. Kakata a Tawa, Allah ya jiƙanta, in yaro ya taka garwashi da ɗari, garin bagaruwa take barbaɗa masa. Wurin ya bushe, ya yi baƙi. Ni ma ga tabon nan a diddigena, ba zan cire takalmi ba dai. (dariya)

To a 1925 wani likita a Detroit ta Amurka, Edward Davidson, tunaninsa ya zo ɗaya da na kakata. Taninsa ba na bagaruwa ba ne, amma dangi ne. Ya riƙa sa shi a kan ƙuna, ɓawo ya fito, ruwan jiki ya daina tsiyaya, raɗaɗi ya ragu. Asibitocin duniya suka kama. Sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, in an duba gawar wanda ya ƙone sosai aka sa masa tanin, a tarar hanta ta lalace. Hanta fa! Ina fata, ina hanta? Ga kuma mugunya tana taruwa ƙarƙashin ɓawon ba a gani. Aka yi watsi da shi.

Ku ji dalili. Fata katanga ce. In ta ƙone, katanga ta faɗi, abin da ka zuba a wurin cikin jini yake zarcewa. Na maimaita, cikin jini yake zarcewa. Kakata ɗan wuri kamar kwabo take barbaɗawa, su kuwa rabin bayan mutum suke shafewa. Magani ɗaya, amma faɗin ciwo ya bambanta. Kuma garin da aka shanya a ƙasa, kaji suka bi ta kai, ba shi ne na lakkol ɗin haɗa magani ba.

Na uku... au, na biyu ma ban gama ba. Gwanda: a Banjul ta Gambiya an yi amfani da namanta a ɗakin yara don cinye mataccen nama. Abarba: daga karan abarbar aka fitar da NexoBrid, wani magani mai cinye mataccen nama a ƙuna, Turai ta amince da shi a 2012, amma a asibiti kaɗai ake sa shi, awa 4, da maganin kashe zafi. Na'am Hajiya?

(Wata mata: Malam, jikana kunu ya zubo masa a hannu, na shafa man goge haƙori. Na yi daidai?)

Ayya Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, amma a'a. Da ma da wannan na fara. Ruwa, Hajiya. Na famfo ko na randa, ki yi ta kwararawa minti 20, ba ƙanƙara ba. Ba man haƙori, ba ƙwai, ba man kaɗe, don mai riƙe zafi yake yi. In da zobe ko awarwaro, a cire kafin wurin ya kumbura. Bororo kada a fasa. Ki rufe da tsumma mai tsabta. In a fuska ne, ko hannu, ko gaba, ko ya fi tafin hannun yaron faɗi, sai likita. Naki a hannu ne, ko? Yaushe abin ya faru? Shekaranjiya? To ki tsaya in mun tashi, yau ɗin nan za a kai shi.