Jawabin Maraba ga Mai Girma Sanata, daga Kwamitin Iyalan Masu Jinya na Kware

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Assalamu alaikum.

Mai girma Sanata, iyayen ƙasa, malamanmu, likitoci da ma'aikatan jinya, muna yi muku barka da zuwa Kware. Ranka shi daɗe, ayyukanka sun riga ka isowa, ba sai mun tsaya lissafa su ba. Roƙo ɗaya ya tara mu: katin inshorar lafiya ya ɗauki ciwon ƙwaƙwalwa daidai da yadda yake ɗaukar ciwon jiki.

Garin nan ya daɗe yana riƙe amanar da wasu ke gudu. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke nan shi ne madogarar Sakkwato da Kebbi da Zamfara, har 'yan uwanmu na Ƙonni suna biyo hanyar Illela su kawo nasu. Mu ke ba su masauki, mu ke raka su kabari idan ta Allah ta kasance. Ladan da muka samu shi ne sunan garinmu ya zama abin zolaya: mutum ya yi magana ba kan gado, sai a ce a kai shi Kware. Mun ji, mun haɗiye. Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne kuɗin magani.

Majalisarku ta yi nata. Dokar inshora ta 2022 ta wajabta wa kowane ɗan ƙasa shiga, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. A Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, aka yi sallama da tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wadda ta fi sanin kulle mutum da yi masa magani. Mun yi murna. Amma har yau uba yakan sayar da akuya don allurar wata, wata mai zuwa ya sayar da gero, na uku ya haƙura. Ciwon ya dawo, a koma ɗaure yaro a turke. Duk mun tuna ɗaruruwan da aka kwance daga mari a wata makarantar gyaran tarbiyya da ke Rigasa ta Kaduna a 2019. Wasu iyayen ba mugunta ta kai su can ba, rashi ne.

Ga kuma matan Isa da Sabon Birni da 'yan bindiga suka raba da gidajensu, ba su barci, ba su magana. Raunin harsashi ana ganinsa a ɗinke. Nasu fa?

Don haka, ranka shi daɗe, muna roƙo a sa ganin likita da kwanciya da maganin kowane wata cikin abin da inshora ke biya, ba tare da an yanke kwanaki ba. Mai hawan jini ma shan magani yake har ƙarshen rayuwa, ba wanda ya ce ya cika tsada. A kuma sa masu wannan lalura cikin asusun marasa galihu. Akwai batun ruwan sha da gyaran hanya, amma mun ajiye su sai wata ziyarar. Katin nan dai, katin nan.

Allah Ya maishe ka gida lafiya.