Sharhi: Kirin Kiki, Jarumar da Ta Fara Fitowa a Matsayin Kaka Tana da Shekara 31

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau ya waiwayi rayuwar Kirin Kiki, fitacciyar jarumar fina-finai da wasannin talabijin ta ƙasar Japan, wadda aka haifa a birnin Tokyo a 1943, ta kuma rasu a watan Satumba na 2018 tana da shekara 75.

Ta fara koyon sana'ar ne a ƙungiyar wasan daɓe ta Bungakuza a farkon shekarun 1960, da sunan Yuki Chiho. A 1974 aka ba ta matsayin kaka a wasan talabijin mai suna Terauchi Kantaro Ikka, alhali wanda ya fito a matsayin ɗanta ya girme ta da fiye da shekara goma. Bayan shekara uku ta yi gwanjon sunan nata a wani shirin talabijin, ta raɗa wa kanta Kirin Kiki.

Abin da ya bambanta ta da sauran masu fitowa a matsayin uwa shi ne ba ta yarda a mayar da tsohuwa mai yawan addu'a da haƙuri kaɗai ba. A fim ɗin Aruitemo Aruitemo na 2008, wanda Hirokazu Kore-eda ya ba da umarni, ta fito a matsayin uwar da babban ɗanta ya nutse a teku garin ceton wani yaro. Duk shekara idan ranar rasuwar ta zagayo sai ta gayyato wanda aka ceta ɗin, ta karɓe shi da fara'a, ta roƙe shi ya dawo baɗi. Da dare ya yi, tana zaune tana saƙa, ta shaida wa ƙaramin ɗanta cewa da gangan take kiran sa domin shi ma ya ɗanɗana baƙin ciki ko da sau ɗaya ne a shekara. Ba ta ɗaga murya ba, kuma a ganinmu ba kowane ɗan wasa ne zai iya faɗin magana mai ɗaci haka da sanyin fuska irin nata ba.

A 2015 ta fito a fim ɗin An na Naomi Kawase, a matsayin dattijuwar da ta ƙware wajen dafa jan wake mai zaƙi, amma masu saye suka ƙaurace wa shagon da take aiki da suka ji ta taɓa yin kuturta. Batun ba ƙage ba ne, domin sai a 1996 Japan ta soke dokar killace masu wannan cuta.

Waɗannan fina-finai biyu ta yi su ne cikin jinya, domin idonta na hagu ya daina gani tun 2003, sannan a 2004 aka gano tana da sankarar mama. A 2013, ranar da ta karɓi kyautar gwarzuwar jaruma ta ƙasar, ta bayyana a gaban jama'a cewa cutar ta bazu a jikinta, amma ba ta ajiye aiki ba. A fim ɗin Manbiki Kazoku ta cire haƙoranta na roba wajen fitowa a matsayin kaka, kuma fim ɗin ya lashe babbar kyautar bikin Cannes na Faransa a watan Mayu na 2018, wata huɗu kafin rasuwarta.